Masset na Oxford a hannun ɗan aji biyar: abin da ke aiki da abin da ke lalacewa

Da zarar yaro ya kai aji huɗu ko biyar na firamare, takardar kayan da makaranta ke buƙata takan zo da masset, wato ɗan gwangwanin nan na kayan zanen lissafi. A Nijar ma 'yan CM1 da CM2 irin waɗannan kayan ake nema a wurinsu. Wanda aka fi sani a kasuwanninmu shi ne Oxford na Helix, kamfanin Ingila da aka kafa a 1887, wanda Maped na Faransa ya saya a 2012. Sunan ya karɓu har masu jabu suna kwaikwayon gwangwanin da launinsa da rubutunsa, don haka ganin gwangwani kaɗai ba ya tabbatar da komai. Na ainihin ya cancanci kuɗinsa, kuma abu biyu ne suka sa ya cancanta: kamfas da ma'aunin kusurwa. Sauran kayan cikin, wasu na da amfani, wasu cikon gwangwani ne kawai.

Idan an buɗe, za a tarar da rula mai santimita 15, alwatika biyu na roba (ɗaya mai kusurwa 45 da 45 da 90, ɗaya mai 30 da 60 da 90), ma'aunin kusurwa mai digiri 180, kamfas na ƙarfe, dibaida mai allura biyu, gajeren fensir, kilina, abin fiƙe fensir, da faifan roba mai ramukan haruffa.

Kamfas shi ne ran kayan, kuma shi ya fi saurin ba da matsala. Aikinsa guda ne: idan an buɗe shi santimita huɗu, ya tsaya a santimita huɗu har yaro ya gama kewaya da'irar. Abin da ke riƙe wannan tazarar shi ne notin da ke sama, inda ƙafafu biyun suka haɗu. A na ainihin, notin na da ramin sukundireba, idan ya saki sai a ɗan ɗaure shi, kamar kwatan juyi, ya koma daidai. A yawancin jabu kuwa, ƙusa ce aka danne da inji, ba ta ɗauruwa. Bayan 'yan makonni sai ƙafafun su riƙa buɗewa da kansu, yaro ya fara da'ira a wuri ɗaya ya ƙare a wani wuri, bakin layin biyu ba su haɗu ba. Malami ya ga aikin ya ce yaron ba ya natsuwa, alhali laifin na kayan aiki ne. Wannan rashin adalci ne da ke faruwa a azuzuwa da yawa, kuma yana sa yaro ya tsani darasin tun bai fahimce shi ba.

Ana iya gane kamfas mai kyau tun a shago, da takarda guda. A sa fensir, a rufe ƙafafun, a daidaita bakin fensir da bakin allura su zama tsawo ɗaya, sannan a ɗaure zoben da ke riƙe fensirin. A buɗe santimita huɗu a kan rula, a zana da'ira. Ba tare da an taɓa buɗin ba, a kafa allurar a kan layin da'irar, a yi ɗan alama a gaba, a matsar da allurar kan alamar, a sake yin wata. Alama ta shida dole ta faɗo daidai inda aka fara. In ta wuce ko ta gaza da fiye da milimita biyu, kamfas ɗin na motsi, a ajiye shi. A duba zoben fensirin kuma. Idan na roba ne mai laushi, haƙoransa kan cinye, fensir ya riƙa zamewa sama duk lokacin da aka danna.

Ko da kamfas mai kyau, akwai kurakurai uku da ake gani kullum a aji biyar. Yara kan sa dogon fensirinsu na rubutu, nauyinsa ya rinjayi kamfas ɗin. Gajeren da ke cikin gwangwanin don wannan aka yi shi, in ya ƙare a yanka wani kamar tsawonsa. Sukan kama ƙafafun da hannu maimakon ɗan marikin da ke sama, matsin yatsu ya canja buɗin. Sukan kuma yi zane a kan falle ɗaya bisa benci mai santsi ko mai ramuka, allura ta zame ko ta yaga takardar. A bar aƙalla falle biyar ko shida a ƙarƙashi, allurar za ta sami abin kamawa.

Ma'aunin kusurwa na Oxford garau yake, ana ganin layin da ke ƙarƙashinsa, lambobinsa kuma suna daɗewa ba su goge ba. Na jabu sau da yawa robarsa dusu-dusu ce, kuma bugun lambobin kan karkace daga tsakiya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zana kusurwa da lungun alwatika mai 60, a auna. In bai ba da 60 ba, ɗaya daga cikin biyun ƙarya yake yi. Sai a gwada da lungun sabuwar takardar A4, wanda digiri 90 ne, don a gane mai laifin.

Sai dai wahalar wannan ma'auni ga yaro ɗan shekara goma daga ƙirarsa take, kuma yawancin kamfanoni haka suke yin sa. Jerin lambobi biyu gare shi, ɗaya ya taso daga dama, ɗaya daga hagu. Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta 120 a kusurwar da ke 60, ko 140 a mai 40. Maganin shi ne kafin ya ɗora ma'aunin ya fara faɗa da bakinsa: wannan kusurwar ta fi lungun takarda buɗewa ko ba ta kai ba? In ba ta kai ba, amsar na ƙasa da 90. Daga nan ya nemi jerin da sifilinsa ke kan layin kusurwar, ya bi shi. Matsala ta biyu, layin sifilin ba shi ne bakin robar ba, akwai ɗan ragowar roba a ƙasansa, yara kuwa bakin suke ɗorawa a kan layi. Ta uku, daga tsakiyar ma'aunin zuwa lambobinsa kusan santimita biyar ne, don haka duk layin da bai kai haka ba sai an tsawaita shi da rula kafin ya iso inda za a karanta. Zanukan da ke cikin littattafan karatu galibi ƙanana ne, wannan matakin ba ya tsallakuwa.

Rula ba ta da laifi sai gajarta. Santimita 15 ba ta isa jan layin gefe a littafin rubutu da ja ɗaya ba, dole a sayi mai 30 daban, ita kuma ba ta shiga gwangwanin. Sifilinta ma yana ɗan ciki kaɗan daga baki, sai an nuna wa yaro, in ba haka ba duk awonsa zai riƙa zuwa da kuskuren 'yan milimita. Alwatika biyun suna da kyau wajen jan layin tsaye da layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, amma su suka fi saurin karyewa a baki, musamman in an cusa biro da kuɗin tara a gwangwanin aka danne murfi da ƙarfi.

Dibaida ba ta da wani aiki a firamare da kamfas da rula ba za su yi ba, ga allura biyu masu tsini a aji mai cunkoso inda yara huɗu ko biyar ke zaune a benci ɗaya. Shawararmu ga iyaye ita ce a cire ta a ajiye a gida har yaro ya shiga ƙaramar sakandare. Faifan haruffan ma kusan ado ne, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, ɗan ajin Hausa sai ya ƙara lanƙwasar da hannu. Kilinar ƙarama ce, ba ta kai ƙarshen zango. Abin fiƙe fensirin na yin aiki da farko, in bakinsa ya dakushe sai ya riƙa karya bakin fensir. A sauya shi, kada a bar yaro ya koma ga reza.

Gwangwanin kansa ya fi akwatin roba jure faɗuwa da matsin jaka. Rauninsa damina: in ruwa ya shiga, tsatsa takan kama maƙalar murfin da allurar kamfas. A goge a shanya a inuwa, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a maƙalar. Kada a sa mai a notin kamfas, sakin da ake gudu shi zai jawo. Kada kuma a bar kayan robar a rana ko kusa da murhu, suna lanƙwashewa, kuma rular da ta lanƙwashe ta gama aiki. Ruwa da ɗan sabulu sun isa wanke su. Kananzir da fetur na cinye lambobin.

Game da lokacin saye, ɗan aji huɗu rula da fensir ne yawancin buƙatarsa. A aji biyar da shida ne ake shiga auna kusurwa, sassan da'ira da alwatika sosai, nan ne cikakken masset ke biyan kuɗinsa. Jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya da NECO ke shiryawa ta zaɓin amsa ce da ake cikewa da fensir HB, saboda haka a tanadi masset tun farkon shekara don aikin aji, kada a jira sai jarrabawa ta matso. Inda kuɗi bai kai ba, gara a sayi kamfas mai noti da ma'aunin kusurwa mai kyau ɗai-ɗai a zuba a tsohon gwangwani, da a sayi cikakken jabu da za a sake saye a zango na biyu. Yara biyu 'yan gida ɗaya ma suna iya raba guda in ranakun darasinsu sun bambanta.

Ga malamin da ke son sanin kayan wa ke da lafiya a ajinsa, aiki ɗaya ya wadatar a makon farko. Kowa ya ja layi mai santimita 5. Ya buɗe kamfas santimita 4, ya kafa a baki ɗaya ya ja baka; ya buɗe santimita 3, ya kafa a ɗaya bakin ya ja wata bakar ta ratsa ta farko. Ya haɗa mahaɗar da bakin layin biyu, ya auna kusurwar da ke saman. Digiri 90 ya kamata ta ba da. Wanda ya sami 89 ko 91, kaurin bakin fensir ne, ba komai. Wanda ya sami 85 ko 96, a karɓi kamfas ɗinsa a duba notin kafin a sa masa jan biro.