Kunshin Lifecycle na Android: ya iya sabunta allo idan manhaja ta dawo gaba?

Mutum ya ajiye kwamfutar hannu da safe, ya ɗauka da yamma, sai manhaja ta nuna masa bayanan safe kamar yanzu aka sauko da su. Kunshin Lifecycle da Google ya fitar a 2017, wanda yake sanar da manhaja lokacin da ta fito gaba ko ta koma baya, kuma yanzu yake cikin Jetpack, tarin kayan aikin masu rubuta manhajar Android, yana maganin wannan, kuma aikinsa na kyau. Sai dai bai san lokacin da ya dace a sabunta ba. Wannan shawarar tana wuyan mai rubuta manhajar.

Abin da ya fi burgewa a cikinsa shi ne ProcessLifecycleOwner, wanda yake kallon manhaja gaba ɗaya maimakon shafi ɗaya. Idan aka juya kwamfutar daga tsaye zuwa kwance, Android yakan rushe shafin ya sake gina shi, kuma da ba a yi dabara ba da an ɗauka manhajar ta fita ta dawo. Kunshin yana jinkirta sanarwar fita da kashi 700 cikin 1000 na daƙiƙa, don haka juyawa ba ta sa a sake kiran sabar a banza. A kwamfutar hannu, da ake juyawa kullum, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗora sabuntawa a kan ON_RESUME, sanarwar da ke zuwa idan shafi ya koma hannun mai amfani. Daga Android 7 zuwa 9, idan an raba allo biyu, manhajar da aka taɓa ce kaɗai take RESUMED, wato a hannun mai amfani, ɗayar tana PAUSED, wato a dakace, ko da ana ganinta. Duk lokacin da yatsa ya koma ɓangarenta sai ta sake sauko da komai, jerin abubuwan da ke allo ya yi tsalle, data ta ƙone. Android 10 ya sauya tsarin a 2019, amma ko akwatin neman izini har yanzu yana jawo haka. ON_START ne ya dace, domin shi yake nufin an fara ganin allon. Tun fitowar 2.4.0 a 2021 akwai repeatOnLifecycle: ka ba shi STARTED, wato matsayin da ake ganin shafi, ya riƙa karɓar bayanai muddin ana ganin shafin, ya yanke da zarar ya ɓuya. Masu amfani da Compose, tsarin Google na gina allo, suna da collectAsStateWithLifecycle mai yin irin wannan aiki.

Ko da ON_START akwai tarko. Mai cike fom ya buɗe kyamara don ɗaukar hoto, ya dawo, kunshin ya ce manhaja ta dawo gaba, sabuntawa ta share rubutunsa. Mafita ita ce a adana lokacin sabuntawa ta ƙarshe, a duba tazara kafin a kira sabar, misali minti biyar ga jerin labarai, kuma kada a taɓa shafin da ake rubutu a kai. A bar tsohon bayani a allo har sabo ya iso. Farin allo mai da'ira tana juyawa ya fi tsohon labari ban haushi.

Raunin kunshin biyu ne. ViewModel, ma'ajin bayanan shafi, ba ya tsira idan Android ya kashe manhajar a baya don neman wuri, sai an haɗa da SavedStateHandle, ma'ajin da ke tsira daga hakan, shi kuma ƙananan abubuwa kawai yake ɗauka, kamar lambar shafi. Na biyun ya fi ɓoyuwa: ProcessLifecycleOwner yana tashi ne ta InitializationProvider, ɓangaren da ke kunna kunshi-kunshi idan manhaja ta tashi, wanda wasu kan cire gaba ɗaya daga manifest, fayil ɗin saitin manhaja, lokacin saita WorkManager, kunshin ayyukan bayan fage. Daga nan sanarwa ta daina zuwa.

Kafin a saki manhaja, a tura ta baya, a kashe ta da umarnin adb shell am kill, a sake buɗewa, sannan a maimaita da allo a rabe.