Mai sa wa dawaki takalmi a Gadarif: yadda aikinsa yake da damina

Baƙar ƙasar Gadarif ta gabashin Sudan, da ke ba da dawa da riɗi, ita ce kuma ke cin ƙafar doki. Daga Yuni zuwa Oktoba laka ce mai danƙo. Kofato ya wuni cikinta ya jiƙe ya yi laushi, rana ta fito ya bushe ya tsuke, ƙusa ta saki, taɓo ya fizge takalmin. Da damina ake gane gwanin gyaran kofato, shi ya sa muka duba aikin wani maƙeri da masu karo (keken doki) na unguwannin Hausawa ke yawan kai wa dawakinsu.

Ba ya fara ɗaukar guduma. Sai an ja masa dokin, tafi da dawowa, a kan ƙasa mai tauri, ya ga yadda yake taka kowace ƙafa. Sannan ya ɗaga ƙafar, ya ƙwaƙule lakar daga dunduniya zuwa gaba, ya kai hanci. Dubansa yana kan tsokar nan mai siffar kan mashi da ke tsakiyar tafin kofato, da kwaruruwa biyu da ke gefenta. Idan baƙin ruwa mai wari ya fito, ruɓa ta shiga. Ƙwayoyin da ke kawo ta ba sa son iska, suna yaɗuwa inda kashi da fitsari da laka suka toshe. Yakan yanke ruɓaɓɓen wurin kawai, ya buɗe kwarin iska ta shiga, ya cusa auduga da aidin. Abin da ya fi burge mu: idan farin layin da ke haɗa bangon kofato da tafinsa ya rugurguje kamar gari, ba ya buga ƙusa a wurin ko mai doki ya matsa. Yakan ce, “Ka yi haƙuri, Alhaji, ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen itace.” Gaskiyarsa, takalmin zai fita ya tafi da guntun bango, kuma kofato ba ya tsiro fiye da milimita 6 zuwa 10 a wata. Kafin sabon bango ya sauko daga sama har ƙasa, wata 9 ne zuwa shekara.

Wajen yanka yana da hannu. Ba ya fafe tafin kofato don ya yi kyan gani, domin da damina tafin ya riga ya yi laushi, in aka rage kaurinsa tsakuwa ɗaya ta isa ta jawo mugunya. Takalmin yake lanƙwasawa a kan uwar maƙera ya dace da ƙafa, maimakon a datse ƙafa ta dace da takalmi, kuma da zafinsa yake gwada shi na ’yan daƙiƙu, ya ga inda bai zauna ba. Ƙusa 6 yake bugawa, 3 kowane gefe, duk a gaban wuri mafi faɗi na kofato, don dunduniya ta samu buɗewa idan doki ya taka. Bakin ƙusoshin na fitowa a jere, wajen santimita 2 sama da takalmi. Yana kuma tayar da ɗan harshen ƙarfe a gaban takalmin ƙafar gaba, biyu a gefen na baya, su rage wa ƙusa nauyi. A wannan lakar, harshen nan shi ne rabin aikin.

Inda ya gaza. Yaransa na wuce gona da iri da magagari, su goge bangon kofato har sama don ya yi sheƙi, alhali wannan fatar ta waje tana taimakawa wajen tsare shi. Ka ce musu su tsaya a ƙasan ƙusa. Takalman rodi da yake sayarwa da araha kuwa sun yi siriri, ba sa tallafe dunduniya, suna santsi a kan kwalta. Gara a ƙara kuɗi a ɗauki na faffaɗan ƙarfe. Har yanzu kuma akwai galan na baƙin man inji a rumfar, wasu na roƙo a shafa wa dawakinsu a kofato. Kada ka yarda, yana ƙona fatar da ke saman kofato.

Ba likita ba ne, bai kuma ce shi ne ba. Dokin da ya wayi gari yana ɗingishi, kofato da zafi, jijiyar bayan idon sawu na bugawa da ƙarfi, ko wanda ya taka ƙusa, wurin likitan dabbobi yake turawa, saboda mugunya da cutar tetanus.

Kuɗin aiki ana yin cinikinsa ne kafin a ɗaga ƙafa, kuma a fayyace ko da takalmi ko ban da shi. Da damina a komar da doki duk mako 4 zuwa 5, kada a jira 8 irin na rani. A je da safe, ƙafa a wanke a bushe. A gida kuma a tayar da turke da yashi ko tsakuwa ya ɗara ƙasa da taƙi guda, a kwashe kashi safe da yamma, a ƙwaƙule kofato duk dawowa daga aiki.