Filayar fere waya: wacce ta dace da aikinka kafin ka fitar da kuɗi

Wata ranar Afrilu aka kira ni wani shagon ƙanƙara a Birnin Kebbi, wai soket ɗin firiza yana wari. Da na kwance shi sai na tarar robar wayar ta yi baƙi ta ƙandare, jan ƙarfen kuma ya kusa rabuwa gida biyu daidai wuyan da aka fere. Mai shagon ya tsaya a kaina yana cewa, "Malam, wuta ce suka kawo da ƙarfi ko?" Na ɗago wayar na nuna masa tsagin da reza ta yi mata tun ranar da aka yi wayarin. Cikin silin jan ƙarfe bakwai, uku sun yanke, huɗu ne suke ɗaukar lodin firiza dare da rana. Wuri ya ƙuntata, zafi ya taru, roba ta dahu.

Wanda ya yi aikin ba baƙona ba ne, yarona ne da na yaye shekaru biyu kafin nan, kuma a hannuna ya ga ana fere waya da reza. Tun daga ranar na daina ɗaukar filayar fere waya a matsayin kayan gayu.

Mafi yawanmu a nan da abu uku muka tashi: reza, filaya ta gama-gari, sai haƙori idan an matsu. Gwani yana iya fere waya da filaya bai taɓa jan ƙarfe ba, na yarda, na kuma ga masu yi. Amma gidan da yake da soket 40 da makunni 30, ga ƙwan fitila da fankoki, kana maganar fira fiye da 300. Hannu yana gajiya, musamman bayan azahar a cikin silin mai zafi kamar tanda. A nan ake yin tsagin da ba a gani, a rufe shi da murfi, sai bayan wata shida ya nuna kansa.

Wadda na fi ba kowa shawarar farawa da ita ita ce mai ramuka, wato wadda bakinta yake da huji-huji jere, kowane da lambarsa. Ka sa waya a ramin da ya dace da kaurinta, ka matse, ka ja, roba ta zame. Ba ta da wani inji a ciki da zai lalace, ba ta da nauyi, tana shiga aljihun riga, kuma tana shiga cikin akwatin soket inda manyan ba sa shiga. Sai dai duk amfaninta ya rataya ne a kan lambobin nan, kuma a nan ake yawan yin sayen da-na-sani.

Wayar da muke aiki da ita a Najeriya ana auna ta ne da faɗin jan ƙarfen cikinta, wato girman fuskarsa idan an yanke shi (mm²), ba kaurinsa ba: 1.5 na fitila, 2.5 na soket, 4 da 6 na na'urar sanyaya ɗaki da hita da makamantansu, 10 da 16 na shigo da wuta. Filayoyi da yawa da ke kasuwa kuwa don Amurka aka ƙera su, ma'auninsu AWG ne, inda lamba take ƙaruwa waya tana sirancewa. Waɗannan ma'aunai biyu ba sa faɗawa daidai kan juna. Wayar 2.5 mai sanda ɗaya kaurin jan ƙarfenta kusan milimita 1.78 ne. AWG 14 kuwa 1.63 ne, AWG 12 kuma 2.05. Ka ga ta faɗa tsakani ke nan: ramin 14 zai cije ta, ramin 12 kuma zai bar ɗan roba bai yanke ba sai ka fizga. Haka 1.5, wadda kaurinta 1.38 ne, ta fi ƙarfin ramin 16 da kaɗan. Idan babu yadda za ka yi, ramin da ya ɗan yi sako-sako ya fi wanda ya matse, domin fizgar roba ba ta kashe waya, cizon jan ƙarfe ne yake kashe ta.

Akwai wani tarkon kuma. Za ka ga filaya an rubuta mata 0.8, 1.0, 1.3, 1.6, 2.0, 2.6, sai ka ɗauka ma'auninmu ne. Kaurin ramin ne aka rubuta, ba faɗin wayar ba. A irin wannan, 1.5 tana shiga 1.6, 2.5 tana shiga 2.0, 4 kuma tana shiga 2.6. Na sha ganin yaro ya sa 2.5 a ramin 2.6 don lambobin sun yi kama, roba ta ƙi yankewa, ya ce filayar jabu ce. Wadda ta fi sauƙin sha'ani ita ce wadda aka rubuta mm da ɗan 2 a samansa, da lambobin da ka saba da su: 1.5, 2.5, 4, 6. Idan ka same ta, kada ka tsaya dogon ciniki.

Ka kuma tuna waya mai sili bakwai da mai gashi sun ɗan fi mai sanda ɗaya kauri ko da lambarsu ɗaya ce, saboda iskar da ke tsakanin silin. Filaya mai kyau takan raba lambobi gida biyu, gefe ɗaya na mai sanda, gefe ɗaya na mai sili. Wayar 2.5 mai gashi tana da sili kusan 50, kowane siriri kamar gashin jela. Idan ka fere ka ga ƙananan jan ƙarfe sun biyo robar, ramin ya yi kaɗan.

Ta biyu ita ce mai bakin V da 'yar ƙusa mai murɗawa a gefe, irin ta Turai. Kana murɗa ƙusar ka saita iya inda bakin zai rufe, ka ɗaure da ɗan notinta. Ranar da za ka wuni kana fere waya iri ɗaya, misali ranar ɗaura soket, babu kamarta, kuma ba ruwanta da ko wayar ta cika lambarta ko ba ta cika ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwarmu, inda ake samun nadin da aka rubuta masa 2.5 amma jan ƙarfen bai kai ba, an cike gurbin da roba mai kauri. Matsalarta ita ce idan kana tsalle daga 1.5 zuwa 4 zuwa 2.5, za ka gaji da murɗa ƙusa, kuma a masu arha notin yana kwancewa da kansa ba ka sani ba.

Sai mai saita kanta, wadda 'yan kasuwa suke kira atomatik. Ita ce take jan hankalin matasa. Mai shago zai ɗauko guntun waya, ya sa, ya matse sau ɗaya, ƙyas, roba ta faɗi ƙasa. Kowa ya gani sai ya so. Ni ma na saya, har sau biyu, don haka ina da bakin magana. Iri biyu ce: mai kama da bindiga wadda waya take shiga ta gaba, da mai faffaɗan kai wadda waya take shiga ta gefe, haƙora biyu su riƙe, biyu su ja. Mai kyau daga cikinsu, irin su Knipex ko Stripax ta kamfanin Weidmüller, dukansu na Jamus, aiki take kamar ba gobe, ana ma iya sauya mata wuƙa idan ta dakushe. Wanda yake haɗa akwatunan rarraba wuta ko yake ɗaura inbata kullum zai ci ribar kuɗinsa. Amma kuɗinta zai sayi masu ramuka da yawa, kuma ba kasafai ake samun ta asali a nan ba sai an yi saƙo Kano ko Legas.

Mai arha kuwa, ta farkon da na saya ta yi mini wata uku lafiya. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika mata ciki, haƙoran riƙo suka fara zamewa. Da bazara ta zo sai wata matsalar ta fito: nadin waya ya sha rana a bayan babur, robar ta yi laushi, filayar ta riƙa miƙe ta kamar cingam maimakon ta yanke. A kan tsohuwar waya mai busasshiyar roba kuma sai ta daƙa matsewa ta bar shaidar haƙori a jikin robar da ta rage. Ta biyun tana nan a ƙasan jaka, sai in zan fere wayar sifika ko ta fanka nake tunawa da ita. Ba na cewa duk masu sauƙin kuɗi banza ne. Kayan Ingco da Total da Tolsen sun cika shagunan kayan wuta, kuma mutane da yawa suna cin abinci da su. Abin da nake cewa shi ne, a kuɗi ɗaya, mai ramuka mai kyau ta fi atomatik ta ƙasa-ƙasa.

Duk waɗannan na wayar ciki ne. Kebur mai riga, wato wanda aka haɗa waya biyu ko uku cikin babbar roba, sai da abin tsaga riga. Akwai ɗan kayan aikin da ake rataya wa kebur, a juya shi sau ɗaya, a ja shi tsaye, wuƙarsa tana da ma'aunin zurfi don kada ta kai ga wayoyin ciki. Kamfanin Jokari ya yi suna a kansa. Wuƙar kebur mai ƙugiya ma tana yi. Mai aikin famfon rijiyar burtsatse ya fi kowa bukatar wannan, domin tsagi ɗaya a robar wayar da za ta zauna cikin ruwa ya isa ya sa a sake zaro famfo daga ƙasa.

Aikin sola yanzu shi ne ke riƙe da yawancinmu, daga gidajen Gesse zuwa gonakin shinkafar fadamar Argungu. Wayar sola ta gaskiya daban take: roba biyu ce a jikinta, mai tauri, an yi ta don ta jure rana, silin cikinta kuma sirara ne masu ruwan kuza. Atomatik ta gama-gari takan cire robar waje ta bar ta ciki, reza kuma tana kwashe sili. Akwai filayar da aka yi musamman dominta, mai ramukan 2.5 da 4 da 6. Idan kana ɗaura kan MC4, wato filogin da ake haɗa wayoyin faifan sola da shi, a kai a kai, saye ta tare da filayar matse kan. Wutar faifan sola ba ta da makunni, muddin akwai rana tana nan, kuma haɗin da ya yi sako-sako a kan rufin kwano yana iya tartsatsi ba mai gani.

Filayoyi masu aiki da yawa a jiki ɗaya, ga fira, ga yanka, ga matse kai, ga yanke noti, na maigida ne mai son gyara filogin dutsen guga ranar Asabar. Don wannan sun wadatar.

Maganar hannu mai roba kuma, a yi hattara. Jar roba ko rawaya a mariƙi ba ta nufin filaya tana kare mutum daga wuta. Wadda aka yi don haka tana ɗauke da 1000V da alamar alwatika biyu a haɗe da lambar ƙa'idar duniya IEC 60900, sau da yawa har da tambarin VDE, cibiyar gwajin kayan wuta ta Jamus, kuma a masana'anta ana gwada ta da wuta mai ƙarfin bolt 10,000. Masu jabu ma sun iya buga tambari, don haka idan ka ga 1000V a jikin filayar da kuɗinta bai wuce na kwanon shinkafa ba, ka san inda aka dosa. Ko ta gaskiyar ce, ba lasisin aiki a kan wuta ba ce. A nan an fi samun hatsari lokacin da aka ɗauke wuta, mutum ya saki jiki ya kama aiki, Kaduna Electric su dawo da ita ba sallama, ko maƙwabci ya tayar da janareto ta biyo layi, ko inbata tana ba da wuta daga batir. Ka sauke babban makunni, ka gwada da testa, sannan ka taɓa.

Ranar da za ka je saye, ka yanko guntayen wayar da kake aiki da ita ka sa a aljihu: 1.5 da 2.5 masu sanda, 2.5 mai gashi, da ta sola in kana yi. Kada ka yarda da guntun da mai shago yake gwaji da shi, ya san wadda filayarsa take so. Ka ce masa, "Alhaji, bari in gwada da tawa." Mai kaya mai kyau ba ya hanawa. Ka fere kowace sau uku, ka fito bakin ƙofa inda haske yake, ka juya jan ƙarfen a hankali. Idan ka ga zobe mai sheƙi daidai inda roba ta ƙare, an cije shi. Ka lanƙwasa wurin gaba da baya sau uku ko huɗu. Wayar da aka ji wa rauni a nan take karyewa. Gwajin nan yana tona asirin wayar ma, domin idan ka kankare jan ƙarfe ka ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa ja, kuma irin wannan ko ɗan tsagi ba ta ɗauka.

Sannan ka rufe filayar ka ɗaga ta sama ka leƙa ramukan. Su zama zagayayyu, rabin sama ya hau daidai kan rabin ƙasa. Ka kama mariƙan biyu ka girgiza gefe da gefe. Idan akwai wasa a ƙusar tsakiya tun tana sabuwa, bayan wata biyu baki zai karkace. Ka duba ko tana da sifirin da ke buɗe ta da kanta da ɗan makullin rufewa, don wanda ya yi fira 200 a wuni ya san darajar sifirin nan. Lambobin kuma a ce sassaƙa su aka yi a jikin ƙarfe, domin na fenti gumi yana goge su kafin damina ta wuce.

Tawa mai ramukan ta shekara shida a jaka. Duk ƙarshen mako nakan goge ta da tsumma in ɗiga mata man keken ɗinki a ƙusa, kuma na naɗa mata jan tef a mariƙi don a san tawa ce. Yaran shago sun san doka: ba a yanke ƙusa da ita, ba a yanke wayar ɗauri, kuma wanda ya ara ya dawo da ita kafin la'asar.