Kayan ajin jardan: wanne za ki saya, wanne za ki haɗa da hannunki

Duk ƙarshen watan Satumba, idan rantire, wato komawa makaranta bayan dogon hutu, ta matso, sai sabbin malaman jardan, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, su zo mini da takarda a hannu, an jera kaya wajen talatin, kuɗin da diraktiris ta ba su kuwa ko rabi ba za su saya ba. Tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, da wanne zan fara?" Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ajin ƙanana a nan Tawa, kuma abin da nake gaya musu bai sake ba. Duk abin da kika ɗauka a kanti, ki tuna inda za shi: zai sha zafin Afrilu da Mayu, zai sha ƙurar hunturu, gara na jiran sa, ga hannuwan yara arba'in da wani abu. Abin da zai jure wannan shi kaɗai ya cancanci kuɗinki.

Mu fara da abin zane, don nan kuɗi suka fi salwanta. Shekarata ta farko na zuba kusan rabin abin da aka ba ni a kan alƙaluman fetir, masu tawada mai launi da marfi, saboda launinsu na ɗaukar ido, yara kuma na son su. Kafin hutun Disamba sun bushe ƙayau. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya mayar da marfi, iskar hunturu kuma ba ta jira. Ranar da na ciro marfi ɗaya daga bakin wata yarinya, ranar na rabu da fetir a hannun yara. Yanzu fakiti guda nake saye, nawa ne, na rubuta sunaye.

Kiriyon na kaki, mai kauri kamar yatsan babba, shi ne na ƴan ƙaramin aji. Ba ya bushewa, ba ya son fiƙe, in ya karye biyu kin samu biyu. Aibinsa zafi: in kika bar shi kusa da rufin kwano ko inda rana ke dukansa, sai ya yi laushi ya manne da ɗan'uwansa. Ni ƙasa nake ajiye nawa, kusa da randa. Kafin ki biya, ki roƙi mai kanti ki goga ɗaya a kan farar takarda. Na banza kaki yake bari, launin da ƙyar ake ganin sa. Kiriyon na katako kuwa ki bar wa ƴan babban aji da za su shiga CI, ajin farko na firamare, baɗi. Masu arha bakinsu a kakkarye yake tun daga ciki, kina fiƙewa yana zubewa har ya ƙare.

Amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, ardwaz, wato ɗan allon hannu, da alli zan ɗauka. Baƙin ardwaz nake nufi, ba farin nan da sai da alƙalaminsa na musamman ba, wanda shi ma bushewa yake yi. Kwalin alli ɗaya sanda 100 ne, kowace sanda kuma ki raba ta uku, don guntu ya fi zama daidai a ɗan hannu. Ki sa su goge da jiƙaƙƙen tsumma saboda ƙurar, musamman in akwai mai tari a ajin. Ga kuma abin da ba a sayarwa: tire da rairayi mai laushi. Yaro ya ja layi da yatsa, ya girgiza, ya sake. Yaran da suka yi wata biyu a kan rairayi sun fi saurin riƙe alli, na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Takarda lissafi take so. Ram ɗaya ta A4 warƙa 500 ce. Ajina bara yara 47 ne. In kowa ya samu ɗaya kullum, kwana goma ta ƙare. Don haka rabawa biyu nake yi, kuma sabuwar takarda sai aikin da za a kai gida a nuna wa iyaye. Na yau da kullum, tsoffin takardun ofis da bayansu fari ne sun isa, amma ki duba kada a samu sunayen mutane ko sirrinsu a jiki. Kwalayen sabulu da na taliya, masu shago na bayarwa in kin saba da su.

Abin liƙi iri huɗu ne a gabanki. Kol, wato gam, mai kama da jan-baki ya fi tsabta, ya fi kuma saurin ƙarewa da bushewa. Farin kol na ruwa ya fi auki. Ki sayi babbar kwalba, ki riƙa ɗiba a marfi, kada ki ba yaro kwalbar. Sai ƙaro, wanda kowa ya san shi wajen haɗa tawadar makarantar allo: ki jiƙa shi da dare, da safe ki tace da ƙyalle, yana kama takarda sarai. Sai kokon fulawa ko na garin rogo da ake damawa a wuta, wanda ya fi dacewa da babban aiki, sai dai kwana biyu yake yi ya yi tsami, tururuwa ma na bin sa. Ni ƙaro ne na kullum, farin kol na ajiye don abin da ƙaro ba ya riƙewa, kamar ƙyalle a kan kwali. Kol ɗin masu gyaran takalmi da ɗan ƙaramin nan mai manne yatsu kada su ƙetare ƙofar aji.

Wajen fenti, gwash, wato fentin ruwa mai kauri, na kwalba ya fi ƴan ƙwayoyin nan goma sha biyu da ke cikin faranti, waɗanda yara ke cakuɗawa su koma launin laka cikin mako guda. Kada ki sayi launi goma. Ja, rawaya, shuɗi da fari sun wadatar, sauran yara za su haifar da su da kansu, kuma wannan ma darasi ne. Ranar da wani yaro ya zuba rawaya cikin shuɗi ya ga kore ya fito, tsaye ya miƙe yana kira: "Madam, taho ki gani, ya zama haki!" Sauran launuka suna cikin gida: gawayi da aka daka aka haɗa da ruwan ƙaro, jar ƙasa, bular wanki, da ruwan zoɓo mai kauri, wanda ke sauka ja a takarda sannan ya juya zuwa shunayya yana bushewa. Buroshi ma ba dole ba ne. Ki daddaka bakin asuwaki, ko ki yanka soso. Rabin albasar Galmi da aka tsoma a fenti na buga zobba cikin zobba, kuɓewa da aka yanka a tsakiya na buga fure. Fentin mai na gini da na ƙarfe ba na yara ba ne, ko kyauta aka ba ki.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne abin mulmulawa. Pat a modele, ƙullin mulmulawa mai launi na kanti, kyakkyawa ce, amma tsadarta ba ta bari kowa ya samu abin da zai cika tafin hannu, launukanta na haɗewa ranar farko, kuma da ta faɗi ƙasa ta kwashi rairayi shi ke nan. A wajen horo an koya mana ƙullin gishiri: awo biyu na fulawa, ɗaya na gishiri, ɗaya na ruwa. Yana aiki, na yi shi shekara biyu. Wata rana wata tsohuwa ta zo ɗaukar jikanta, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ƙullin a hannun yara, ta ce da ni a hankali: "Ɗiyata, yanzu da abinci a ka wasa?" Maganar ta zauna mini. A garin da mutane suka san darajar tiyar hatsi, ba na son yaro ya koyi taka gari da ƙafa a ajina.

Tun daga nan na koma ga laka. Wajen masu ginin tukwane nake saye, don tasu an riga an gyara ta. In kuwa da kanki za ki ɗebo bakin tabki bayan damina, kamar na Babaye, to babba ya je, ba yara ba; ki shanya ta, ki daka, ki tankaɗe don fitar da kwalba da ƙaya, sannan ki jiƙa ki rufe da leda. Yaranmu ba sa bukatar a nuna musu me ake yi da laka. Shanu masu tozo, raƙuma, turmi da taɓarya, ƴan tukwane, duk za su fito. Abin da suka gina ya bushe a rana, su shafa masa launi, su kai gida. Abin da laka ke nema gare ki shi ne buta, sabulu da tsofaffin riguna, kuma waɗannan ko ba laka dole ne aji ya mallake su.

Almakashi ne wurin da ba na neman arha. Na roba zalla tauna takarda yake yi, yaro ya yi ta fama har ya yi kuka ya ce bai iya ba, alhali laifin kayan ne. Ki nemi mai bakin ƙarfe, mai kai a zagaye, ki gwada shi a kan takarda nan cikin kanti. Goma ko goma sha biyu sun isa in kina kasa yara rukuni-rukuni, wasu na yanka, wasu na laka, wasu na ardwaz. Ki sa a nemo miki ɗaya ko biyu na bahagwai daga Yamai, kada ki tilasta wa bahago yanka da dama.

Kayan wasan roba masu ƙyalli da ke cika tebura lokacin salla, ki yi hattara da su. Tayoyinsu na cirewa, wasu kuma na da ƴar batir mai kama da maɓalli, wadda in yaro ya haɗiye tana ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi. Ma'aunin da ake gwada kayan ƴan ƙasa da shekara 3 da shi bututu ne mai faɗin santimita 3 da ɗan ɗoriya: duk abin da ya shige ciki yana iya shaƙe yaro. Ki yanko guntun tiyo mai wannan faɗi ki ajiye a jakarki. Don ƙirga da jerawa, ƙwallon goruba, ƙwallon mangwaro, ludayi, faifai da guntayen katako da kafinta ya goge musu kaifi sun fi komai. Ƴaƴan tsamiya da ƙwallon dabino sai ƴan babban aji, idonki na kansu. Idon zakara kuwa, duk da kyan jansa da baƙinsa, guba ne, haka ƴaƴan zurman da na bini-da-zugu, ruwan tumfafiya kuma na lahanta ido. Karan hatsi bayan kaka kyauta ne, amma ke za ki ɓare shi, don bayansa na yanka kamar reza.

Hotunan bango da ake sayarwa galibi na wata duniya ne: tuffa, dusar ƙanƙara, jirgin ƙasa. Ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ, ba ƴ a cikinsu, ga shi tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Kwali da fetir ɗin nan nawa guda sun ishe ni in zana ƙwarya, ɗan akuya da ɓera.

Duk wannan kaya sai da wurin ajiya. Kabad ɗin katako gara na cin sa daga baya ba ki sani ba, bokitin roba mai marfi na tsagewa. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, irin wanda ake ƙerawa a kasuwar Katako ta Yamai, maƙeran Tawa ma na yin sa, shi ne sayen da ake yi sau ɗaya. Ki ɗora shi kan bulo biyu, nesa da bango. Ki kuma kula da inda kike tara takarda, kara da kwali. Ba wanda ya manta gobarar watan Afrilu na 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, inda yara kimanin 20 suka rasu cikin azuzuwan zana, yawancinsu ƴan jardan, da ta Maradi a watan Nuwamba na shekarar, wadda bayanta gwamnati ta hana sa ƴan jardan cikin irin waɗannan azuzuwa. Allah ya jiƙan su. Ko ajinki na siminti ne, kada komai ya tare ƙofa, kada ashana ta kwana a ciki.

Wurin saye kuma, tabarma, tire, buta, faifai da ludayi duk kasuwar Lahadi ta Tawa ta fi sauƙi. Tabarmar roba ta fi ta kaba a aji don ana wanke ta, ko da yake ta kaba ta fi sanyi. Almakashi, gwash da kiriyon ki saye su a kantin littattafai inda za a bar ki ki gwada. Na kan tebur da suka sha rana wata da watanni sau da yawa sun riga sun mutu cikin ledarsu. Yamai ta fi yawan zaɓi, amma tafiyar kilomita 500 da ɗoriya ce, sai in kun haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku aiki mutum ɗaya Babbar Kasuwa. Abin da ba ya lalacewa ki saya tun kafin rantire, kafin farashi ya hau. Kol da gwash ki raba sayensu biyu, rabi a Oktoba, rabi bayan hutun Disamba. Kuma kafin ki fita, ki kai takardarki gaban ƙungiyar iyaye mata ta lakwal ɗinku ki karanta musu. Bara da na yi haka, wata ta ce mijinta tela ne, wata ta ce ƙanenta kafinta ne, kafin mako ya zagayo buhun ƙyallaye da kwandon guntayen katako na bakin ajina.