LED ko halojin a ɗakin kayan tarihi?

Wa alaikumus salam. Malam, tsakanin ƙwan lantarki na LED da na halojin ɗin da ka ce an nuna maka don ɗakin da za ku baje kayan gidan Hakimi, LED za ka saya.

Shi ne a zauren marigayi Baba a ƙauyenmu, can gefen Ringim. Alƙur'aninsa rubutun hannu yana cikin akwatin gilashi, kusa da babbar rigarsa mai aska takwas. Ƙwai ƙarami guda muka maƙala a azara, nesa da akwatin, batirin sola ke ɗauke da shi, kuma ko ya kwana a kunne za ka iya kama shi da hannu. Da Sallah jikoki sukan cika zauren suna leƙen jan wasali da ruwan ɗorawa na adon surori. Har yau launukan na nan yadda muka same su. Ni ke juya shafin duk farkon wata, don kada shafi ɗaya ya riƙa shan haske shi kaɗai.

Halojin yana fito da launi da kyau, ba zan ƙi ba. Amma na taɓa saye, zafinsa da cin batirinsa suka sa na cire shi sati bai zagayo ba.

Ƙwai dai ba shi kaɗai ba ne maganar. Gidajen tarihi suna auna hasken da ke sauka a kan kaya da ma'aunin da ake kira luks. Takarda, tufafi, fatar da aka rina irin ta gafaka da zanen launin ruwa, luks 50 ake ba su. Zanen fentin mai da kayan itace sukan kai 200. Takubba, tasoshi da tukwane ba su cika damuwa ba. Luks 50 zai yi maka kamar duhu da farko, ka ɗan tsaya ido zai saba. Ɓarnar kuma taruwa take yi: awa goma a luks 50 daidai take da awa ɗaya a 500, kuma abin da ya koɗe ya koɗe ke nan. Saboda haka in babu baƙi a kashe wuta, a lulluɓe akwatin da zane.

Taga ta fi kowane ƙwai ɓarna. Ranar tsaka tana iya kaiwa luks 100,000, ga hasken UV, wanda ido ba ya gani amma yake koɗar da launi, da LED kusan ba ya fitarwa. Ku sauke asabari ko labule mai kauri, kada ku jingina komai a bangon da rana ke duka.

Sai ka yi hattara da 'yan kasuwa. Wani zai miƙo maka farin ƙwai mai kashe ido ya rantse irin na gidan tarihi ne. Duba kwali ka ga 2700K ko 3000K, wato haske mai ɗan ruwan ɗorawa, da CRI 90, ma'aunin yadda ƙwai ke fito da launi daidai, sannan a kunna a gabanka, don kwali ma yakan yi ƙarya. In hasken ya yi shuɗi-shuɗi, mayar masa da kayansa. Manhajar auna haske ta waya ba ta cika daidai ba, amma za ta nuna maka in ka zarce da yawa.