Makullin mota ya ɓata: a kira mai zuwa har gida ko a tafi kamfani?

Ɗan'uwa da ka tambaya jiya cewa makullin Corolla ɗinka ya faɗi a kasuwar Wuse ta Abuja kuma ba ka da sifiya, Allah ya mayar da alheri. Ni dai na gwada duka biyun.

Kamfani aikinsu tsaf ne, makulli orijina, amma fa sai ka kai musu motar, kuma motar da ba makulli ai sai janwe, ga kuɗin janwen tun kafin a fara maganar makulli. In babu irinsa a ƙasa kuma sai ka jira a yi oda, kai kana ta fama da tasi.

Masu zuwa inda kake, irin yaran Apo ko Gudu, da jaka ɗaya suke zuwa. Nawa a Kubwa aka yi min, yaron ya buɗe ƙofar ba tare da ya fasa komai ba, ya yanka ƙarfen, sannan ya jona kwamfutarsa a soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari ya haɗa makullin da ƙwaƙwalwar motar. Nan ne ainihin aikin, don yawancin motocin yanzu akwai ɗan cip a kan makullin, in mota ba ta gane shi ba za ka murza ta yi ta kuka amma ba za ta tashi ba. Matsalarsu kawai gwanaye da 'yan koyo duk a haɗe suke, wani in ya taɓa maka ƙwaƙwalwar mota sai ka gwammace kiɗa da karatu. Tunda duka makullanka sun ɓata aikin ya fi wuya, to ka tambaye shi tun a waya ko ya taɓa yin irin motarka.

Sai rimot. In motarka tokumbo ce 'yar Amurka, galibi siginar rimot ɗinta a kan mita 315MHz take, 'yan Turai kuma 433MHz, a duba ko sabon rimot ɗin ya dace da motar kafin ka biya.

Ni a Corolla mai zuwa zan kira, amma sabuwar Benz ko BMW gaskiya kamfani. Ka riƙe takardun motar a hannu, wanda bai nemi ganinsu ba ni ban yarda da shi ba. Kuma ka tsaya a kansa ya goge tsohon makullin daga ƙwaƙwalwar, don wanda ya tsinta a Wuse ba mu san ko waye ba, sannan ya yi maka guda biyu tunda kwamfutar na jone.