Sharhi: ƙarfen kabaid na Woody's Dooly a babur ɗin ƙanƙara

Babur ɗin ƙanƙara ba shi da tayar gaba, takalma biyu masu zamiya ne ke jan ragamarsa. A ƙarƙashin kowane takalmi akwai sandar ƙarfe da aka liƙa wa ɓallin kabaid (wani ƙarfe mai tsananin tauri) mai kaifi, ita ce ke cizon daskararriyar hanya idan an karya kwana. Da ta cinye, sai ka juya kan babur shi kuwa ya ci gaba da tafiyarsa miƙe.

Mun gwada Woody's Dooly mai kabaid inci 6 tsawon damina ɗaya ta ƙanƙara a hanyoyin Ontariyo da ke Kanada, a kan babur mai bel inci 121 (bel ɗin baya da ke tura babur) da ƙusoshi 96 da aka kafa a jikin bel ɗin don riƙon ƙanƙara. Bambancinsa da sandar da aka saba shi ne layi biyu gare shi a kowane takalmi, ba ɗaya ba. Amfanin hakan a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa bin hanyar da babura da yawa suka tattake. Sanda ɗaya takan faɗa cikin sawun da na gaba ya bari, kan babur ya riƙa fizge-fizge hagu da dama har kafaɗu su gaji. Da layi biyu, fizgar nan ta ragu ƙwarai. A nan dai ya biya kuɗinsa.

Sai dai kowane ƙarfe mai layi biyu yana raba nauyin gaba gida biyu, don haka cizonsa a kwana mai laushin dusar ƙanƙara bai kai na sanda ɗaya mai kaifi ba. Mai son shiga kwana da wuta zai fi jin daɗin sanda ɗaya. Mai doguwar tafiya a natse kuwa, wannan ne nasa.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne tsawon kabaid. Ana samun inci 4, 6, 8 har 10, kuma ba mafi tsawo ne mafi kyau ba. Dole ya dace da riƙon bayan babur. Bel marar ƙusa, inci 4 ya wadatar. Ƙusoshi 96, a nemi inci 4 zuwa 6. In sun kai 144, inci 6 zuwa 8. Kabaid ya yi yawa, sitiyari ya yi nauyi, baya kuma ya riƙa wutsiya a kwana. Ya yi kaɗan, gaba ya ƙi juyawa. Kaifi ma haka: baki mai digiri 60 ya fi cizo amma ya fi saurin dakushewa, mai digiri 90 ya fi jure tsallaka kwalta.

Ɗaurawa ba ta kai rabin awa ba. A ɗaga gaban babur, a kwance notocin da ke saman takalmi, a bubbuga tsohuwar sandar ta fita. In tsatsa ta kama noti, a fesa mai a ɗan jira, kada a tilasta har zaren ya karye. A duba lambar da ta dace da samfurin takalmin tun kafin saye, domin tazarar ramukan babur ƙirar Ski-Doo daban take da ta ƙirar Polaris. Kuma a canza duka biyu tare.

Bayan nan a auna takalman. Ya kamata bakinsu na gaba ya fi na baya buɗewa da kamar milimita 3 zuwa 6. In suka tsuke ciki, ko wane irin ƙarfe aka sa fizgar za ta dawo. A leƙa robar da ke tsakanin takalmi da ƙafar babur, in ta lotsa a canza ta, don ita ke sa nauyi ya koma gaban sandar. A gareji kuma a ɗora takalman kan 'yan tayoyin turawa, domin kabaid yana kwarzane siminti, simintin ma yana cin bakinsa.